Jan Wayar DMX a Majami'a: Amsoshin Tambayoyin Masu Kula da Fitilun Dandamali

Duk shekara, da an shiga watan Nuwamba, wayata ba ta hutawa. Matasan da ikilisiyoyi suka danƙa wa kayan sauti da fitilu, daga nan ƙasar Zuru har Yawuri da Birnin Kebbi, kowa na shirin wasan Kirsimeti, kuma kukan kusan ɗaya ne: fitilu na ƙyaftawa, wata ta ƙi bin umarni, wace waya za mu saya. Shi ne na tattara tambayoyin wuri guda. Kayan nan da baikon jama'a ake sayensu, har da na gwauruwar da ta sayar da kwanon dawa ta kawo, don haka yana yi mini ciwo in ga fitila ta mutu saboda waya guda da aka ja ba bisa ƙa'ida ba.

Mece ce DMX, kuma me ya raba wayarta da wayar wuta?

Kowace fitilar dandamali ta zamani waya biyu ke shigarta. Ɗaya ta wuta ce, mai bolt 230, ita ke ciyar da fitilar. Ɗayar siririya ce, saƙo kawai take ɗauka daga kwantirola, wato teburin da ake sarrafa fitilu da shi: ƙara ja, rage shuɗi, juya hagu, mutu. Harshen da kwantirola da fitilu ke magana da shi ta wannan siririyar waya shi ne DMX512. Wata ƙungiyar masu fasahar gidajen wasan kwaikwayo ta Amurka, USITT, ita ta fito da shi a 1986, aka gyara shi a 1990, ya zama ƙa'idar ANSI E1.11 a 2004. Kafin zuwansa, a tsarin da ya fi yaɗuwa, kowace dima, wato na'urar rage haske, sai an ja mata wayar umarninta daban tun daga tebur.

Lambar 512 ɗin adadin tashoshin da layi ɗaya ke ɗauka ce. Kowace tasha, wato abu guda da ake sarrafawa a fitila kamar ja ko shuɗi, tana ɗauke da lamba daga 0 zuwa 255. Sifili a kashe ke nan, 255 kuma cikakken haske. Kwantirola na karanto waɗannan lambobi a jere, ta koma farko ta sake, har kusan sau 44 a daƙiƙa ɗaya idan tashoshin sun cika. Wutar da ke cikin wayar 'yar kaɗan ce, ba ta jan mutum, amma saurinta ya kai bit 250,000 a daƙiƙa. Wannan saurin shi ne tushen duk ƙa'idojin da za ku karanta a ƙasa. Saƙo mai gudu haka ba ya son hanya mai rassa, ba ya son waya marar kyau, ba ya kuma son maƙwabtaka da wayar janareto.

Muna da wayoyin makirufo da yawa, kuma kansu iri ɗaya ne da na fitilun. Me zai hana mu yi aiki da su?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace zuwa mini. Kan iri ɗaya ne, XLR mai haƙora uku, zai shiga daram, sau da yawa ma fitilun za su amsa. A nan tarkon yake. An ƙera wayar makirufo don muryar mutum, wadda ba ta da sauri idan aka gwada ta da saƙon DMX. Wayar DMX ta gaskiya tagwayen wayoyi ne a murɗe da juna, da raga a kewaye, kuma an yi ta a kan ma'aunin om 120. Ta makirufo ba ta kai ko kusa da haka ba, ga shi tana dusashe kaifin saƙon yayin da yake tafiya. Kada ku sa mitar gwaji kuna neman 120 ɗin a jikin waya, ba irin wanda mita ke nunawa ba ne. A rubutun jikin wayar za ku gani. Idan kun samu wadda aka rubuta AES/EBU om 110, ita ma tana yi.

Fitila huɗu a ɗan dandamali, mita goma na waya, wayar makirufo na iya kai ku shekara ba ku ga komai ba. Ranar da kuka ƙara fitila takwas da mita hamsin, ranar za ta nuna halinta, kuma ba ta tashi nunawa sai majami'a ta cika. Ni shawarata ita ce, duk wayar da za ta shiga silin ko bango, wadda ba za a sake taɓa ta ba shekara da shekaru, kada a yi mata rowa. Idan kuɗi ya gaza, duba amsar da na bayar kan wayar intanet.

Akwai haɗari na biyu da kamannin kan ke jawowa. Miksa, wato na'urar haɗa sauti, na iya tura bolt 48 ta cikin wayar makirufo don ciyar da wasu makirufo. A wata majami'a da aka kira ni, wani yaro mai son taimako ya ga waya a yashe bayan dandamali, ya soka ta a akwatin makirufo. Wayar fitilu ce. Fitila uku na farkon layin har yau suna kawo haske, amma sun kurumce, ba sa jin kwantirola. Tun daga ranar nake naɗa jan salatif a kan kowace wayar DMX, gaba da baya, ina kuma gaya wa 'yan kwaya da bakina: mai jan wuya ba taku ba ce.

Yaya ake jera fitilun? Za mu iya raba wayar gida biyu kamar yadda ake yi wa wayar wuta?

A'a. Jerin gwano ake yi. Waya ta fita daga kwantirola ta shiga fitila ta farko ta ramin shiga, wata ta fita daga ramin fitarta ta shiga ta biyu, haka har ta ƙarshe. A DMX mace ce ke ba da saƙo, namiji ke karɓa, saɓanin makirufo. Don haka kan namijin wayarku shi ke shiga kwantirola, kan mace ya nufi fitila.

Mai wayarin gida ya saba da feɗe waya ya ɗaura reshe, kuma a aikin wuta hakan daidai ne. A nan kuwa reshe na sa saƙo ya tafi ya bugi ƙarshen kowace hanya ya dawo ya ci karo da wanda ke tafe. Na taɓa hawa silin wata majami'a ana saura kwana biyu Kirsimeti, na tarar an murɗa wayoyi uku wuri guda an naɗe da baƙin salatif, ɗaya ta yi wajen 'yan kwaya, ɗaya wajen bagadi, ɗaya ta koma tebur. Wanda ya yi aikin ya yi shi da tsafta da zuciya ɗaya, ilimin wuta ne ya kawo inda ba wurinsa ba. Idan ginin ya tilasta muku rabuwa hagu da dama, sifilita ake sawa, wato akwatin raba layi. Bayaninta na cikin amsar yawan fitilu.

Wani abu da zai sauƙaƙa muku: jerin waya da jerin adireshi ba su da alaƙa. Fitilar da ke farkon waya na iya ɗaukar adireshi na ƙarshe. Ku bi hanyar da ta fi gajarta a ginin.

Mene ne taminato, kuma dole ne a sa shi?

Kun san yadda murya ke amsa-kuwwa a sabuwar majami'a kafin a sa benci da labule. Haka saƙo ke yi idan ya isa fitilar ƙarshe ya tarar da rami a buɗe. Taminato shi ke shanye shi a can. Ba wani abin tsada ba ne: kan XLR namiji ne, an like rasista mai om 120 tsakanin haƙori na 2 da na 3, a soka shi a ramin fita na fitilar ƙarshe. Duk mai gyaran rediyo zai gane rasistar, zobbanta ruwan ƙasa, ja, ruwan ƙasa. Mai rabin wat ta wadatar. Idan kun gama, ku auna tsakanin 2 da 3, mita ta nuna kusan 120.

Gajeren layi kan yi aiki ba shi, shi ya sa mutane ke raina shi. Ni ba na barin aiki sai na sa. Guda ɗaya tak a ƙarshen kowane layi. Idan kun ƙara fitila, ku ciro shi ku mai da shi sabon ƙarshen.

Kwantirolarmu mai haƙora biyar ce, fitilun masu uku. Yaya ake haɗawa, kuma wace waya ke zuwa wane haƙori?

Asalin ƙa'idar haƙora biyar ta ce, don dai kada a rikita ta da makirufo, amma yawancin fitilun da ke isowa kasuwanninmu masu uku ne. Saƙon ɗaya ne. Haƙori na 1 na raga ne, na 2 saƙo mai alamar ragi, na 3 saƙo mai alamar tarawa. Na 4 da na 5 an ware su don layi na biyu, kuma kusan kullum a banza suke. Mahaɗi daga biyar zuwa uku ba komai a cikinsa: 1 zuwa 1, 2 zuwa 2, 3 zuwa 3.

Wajen likin dalma ne ake tafka kuskure. Namiji da mace kishiyar juna suke kamar fuska da madubi, wanda ya haddace "hagu ja, dama fari" zai juya ɗaya daga ciki. Ku kunna tocilan waya ku karanta ƙananan lambobin da ke jikin robar. Launin da ya hau 2 a wannan kai, shi zai hau 2 a wancan. Kada raga ta taɓa ƙarfen jikin kan, ko da gashi ɗaya ne nata. A murɗe ta sosai, a sa mata 'yar rigar roba. Dalilin yana cikin amsar wuta da janareto. Wasu tsofaffin fitilu da kwantirola sun juya 2 da 3, shi ya sa za ku ga ɗan maɓallin sauya su a bayan wasu tebura. Idan duk fitilu sun yi shiru ko sun haukace gaba ɗaya, ku leƙa wannan maɓalli kafin ku hau tsani.

Yaya ake ba fitila adireshi?

Duk fitilun da ke layi suna jin duk abin da kwantirola ke faɗa. Adireshi shi ke gaya wa kowace daga ina nata rabon ya fara. Fitilar da ke cin tasha 7, idan ta fara a 1, ta riƙe 1 zuwa 7 ke nan. Ta biyu ta fara a 8, ta uku a 15, ta huɗu a 22. Idan kuka ba ta biyu 5, sun shiga gonar juna, kuna ɗaga shuɗin wannan kuna taɓa wani abu a waccan. Ku lura, fitila ɗaya kan zo da zaɓin tashoshi iri-iri, sai kun duba wanda aka sa ta a kai. Ba laifi ba ne fitilu biyu iri ɗaya su riƙe adireshi ɗaya, in dai kuna so su riƙa yin abu ɗaya tare.

Yawancin majami'unmu ƙaramar kwantirolar nan mai tasha 192 suke da ita, kuma tana da nata lissafin. Maɓallan fitilu 12 gare ta, kowane an yanka masa tasha 16, ko fitilar ta cinye su ko ba ta cinye ba. Don haka adireshin su ne 1, 17, 33, 49, 65, 81, 97, 113, 129, 145, 161, 177. Wanda ya bi lissafin 1, 8, 15 a kan wannan tebur zai ga maɓalli na ɗaya na juya fitila biyu da ɗoriya, ya yi zaton kaya sun lalace.

Masu allo, sai a danna har a ga harafi da lamba, kamar d017 ko A017. Masu ƙananan makunnai goma a baya kuwa, tara na farko kowane da darajarsa: 1, 2, 4, 8, 16, 32, 64, 128, 256. Ana tarawa ne. Adireshi 17, a ɗaga na ɗaya da na biyar. Adireshi 33, na ɗaya da na shida. Adireshi 49, na ɗaya da na biyar da na shida. Na goman yawanci na zaɓen yanayin aiki ne, a duba takardar fitilar.

Fitila nawa layi ɗaya zai ɗauka, kuma tsawon mita nawa?

Iyaka biyu ce, kada a gauraya su. Ta tashoshi 512 ce. Ta yawan kaya a kan waya ɗaya 32 ce, saboda kowace fitila na ɗan jan ƙarfin saƙon. Da fitilu masu araha ni ba na kai wa 32, ina tsayawa wajen ashirin. Tsawo kuwa, a takarda tsarin na iya wuce mita dubu, amma masu sana'ar kan tsaya a mita 300, kuma ban ga majami'ar da ta buƙaci haka a yankinmu ba.

Sifilita akwati ce mai shiga ɗaya da fita huɗu ko takwas. Tana sabunta saƙon, kowace fita ta zama sabon layi mai nasa 32 da nasa taminato. Ku nemi wadda aka rubuta cewa tana raba layukan da haske a ciki, wato babu ƙarfen da ya haɗa wannan fita da waccan. Amfaninta ya wuce rarraba hanya: idan wuta ta kuɓuce a fitila ɗaya ta bi wayar saƙo, ɓarnar ta tsaya a reshen nan, ba ta isa kwantirola ba. Sifilita ba ta ƙara yawan tashoshi, 512 ɗin nan dai su ne a kowace fita.

Gaskiya ne wayar intanet tana yi?

Gaskiya ne, kuma ƙa'idar 2004 ta amince da ita. Cat5e da Cat6 tagwaye ne a murɗe, ma'auninsu om 100, kusa da abin da ake so, ga su ana samunsu a Sakkwato da Kwantagora ba sai an aika Legas ba. Ga wayar da za a binne a bututu daga tebur zuwa dandamali, ta fi wayar makirufo nesa ba kusa ba. Fari-da-lemo shi ne saƙon tarawa, ya tafi haƙori na 3. Lemo zalla saƙon ragi, haƙori na 2. Ruwan ƙasa da farinsa su tafi haƙori na 1. Abin da ba a yi shi ne ɗaukar waya ɗaya daga wannan tagwaye, ɗaya daga wancan. Murɗin shi ne garkuwar.

Hattara da abu biyu. Kasuwa cike take da wadda cikinta alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe. Ku kankare sili ɗaya na wayar da reza a gaban mai shago, in ya yi fari ku ajiye masa. Ba ta kama dalma da kyau, kuma tana karyewa. Na biyu, mai sili ɗaya mai tauri ta zaman wuri ɗaya ce, ba ta jure naɗewa da warwarewa duk Lahadi. A ƙare ta a akwatin bango, daga nan a ɗora da waya mai laushi. Idan kun sa mata kan intanet, ku rubuta DMX ɓaro-ɓaro a jikin akwatin, domin wasu na'urorin intanet na tura wuta ta wannan rami.

Ta ina ya kamata wayar ta bi a cikin ginin?

Hanyarta daban, bututunta daban. Kada ta kwana a bututu ɗaya da wayar wuta. Inda suke tafiya gefe da gefe ina barin tazarar kamar santimita 30, inda dole su haɗu kuma su gitta juna kamar gicciye, kada su jera. A nisanta ta da wayar da ta taso daga janareto, da inbata, da na'urar rage gudun fanka.

Sauran abokan gaba na ƙasarmu ne. Ɓera na son robar waya, silin kuma gidansa ne, don haka bututun roba ba ado ba ne. Gara na cin katakon da aka kafa waya a kai. Zanzaro na gina ɗakinsa na laka a duk ramin XLR da aka bari a buɗe. Na sha ɓanɓare shi da tsinke a fitilun da aka rataye tun bara. Ku toshe ramukan da ba a aiki da su. A watan Maris da Afrilu, zafin da ke ƙarƙashin kwano ba wasa ba ne, waya da ta jingina da kwano robarta za ta bushe ta tsattsage, sai a ɗaure ta ƙasa-ƙasa a jikin katako ko ƙarfen rufi. Kada nauyin waya ya rataya a kan XLR. A ɗaure ta kusa da fitila, a bar ɗan lanƙwasa. A ƙasa kuma, inda Zumuntar Mata ke shigowa da rawa ranar godiya, waya ba ta da wurin zama a fili. A bi da ita gefen bango ko a rufe ta da tabarmar roba.

Tunda kuna sama, kowace fitila ta samu igiyar ƙarfe ko sarƙa ta biyu ban da maƙalinta. Ƙarƙashinta yara ne ke zama. Kuma kada mutum ya hau tsani shi kaɗai a majami'a, ko da rana tsaka.

Fitilun na haukacewa idan an koma janareto. Laifin wayar saƙo ne?

Wani lokaci, amma a fara da wutar. Ku kashe fitilu da kwantirola kafin a juya canji, a bar janareto ya daidaita, sannan a kunna. Idan amfilifaya na jan wuta har ƙwan ofis na lumshewa duk sanda aka buga ganga, janareton ya yi wa kayan kaɗan, kuma ƙwaƙwalwar fitila na sake tashi ne duk sanda wuta ta faɗi. Fitilar LED ba a ciyar da ita ta dima ko ta abin rage gudun fanka. Wuta cikakkiya take so, rage haske aikin DMX ne. Filogi mai fis na am 13 iyakarsa wajen wat 3,000, tsohuwar fitila mai ƙwan wat 1,000 guda uku sun cinye shi ke nan.

Sai batun wayar ƙasa, wadda masu wayarin ke kira at. Gine-gine da yawa soket mai baki uku ne a ido, a ciki waya biyu ce. Idan jikin fitila na ɗan cizon hannu, ku tsaya, a kira mai aikin wuta ya kafa sandar ƙasa ta gaskiya. Inda tebur ke shan wuta daga inbata, dandamali kuma daga janareto, ƙasarsu na iya bambanta, sai wuta ta nemi hanya ta ragar wayar DMX. Shi ya sa na ce kada raga ta taɓa jikin kan, shi ya sa kuma sifilita mai raba layi da haske ke biyan kuɗinta.

Muna so mu ja waya zuwa filin waje don taron farkawa. Da damina fa?

Doguwar waya tsakanin gini biyu ko a fili tana kwasar ƙarfin tsawa ko da aradu ba ta faɗo a kanta ba. Ku ware mata fita guda a sifilita, ku ja ta ranar taro, ku naɗe bayan an tashi. Mahaɗai kada su kwanta a ƙasa inda ruwa ke bi. Da hadari ya haɗo, a cire ta daga tebur. A cikin majami'a ma, daga Mayu zuwa Oktoba, al'adata ce bayan sujada in zare wayar wuta da ta saƙo daga kwantirola kafin in kulle ƙofa.

Fitilu na ƙyaftawa ko suna canza launi da kansu. Daga ina za mu fara bincike?

Ku fara da abin da ba ya buƙatar tsani. Maɓallin duhu a kwantirola, wanda ke kashe duk fitilu lokaci guda, a kashe yake? Tashar babban haske ta fitilar a ɗage take? Da yawa ba sa nuna ja ko kore sai an ɗaga ta. Daga nan ku duba allon kowace fitila. Idan ɗaya na kan yanayin bin sauti ko na sarrafa kanta, tana iya ɗaukar kanta shugaba ta riƙa tura nata umarnin a layin. Baki biyu na magana a waya ɗaya ke nan. Wannan ya fi faruwa bayan an ba da aron fitila wajen biki an dawo da ita.

Idan duk wannan lafiya, sai a raba layin biyu. Cire waya a tsakiya, sa taminato a nan. Rabin farko ya natsu? Matsalar na gaba. Bai natsu ba? Tana baya. A sake raba rabin da ake zargi. Fitila 16, sau huɗu za ku yi wannan ku kama mai laifi. Ku riƙe cewa inda ake ganin ciwon ba lallai nan yake ba: waya da ta tsinke sili ɗaya kusa da fitila ta uku na iya sa ta tara rawa, ta huɗu kuma na zaune lafiya. Ku ajiye waya guda da kuka tabbatar da lafiyarta don gwaji kawai. Wadda aka kama da laifi a yanke kanta nan take, in ba haka ba wani zai mai da ita akwati.

Lokacin hunturu ƙura kan cika fankar fitila, ta yi zafi ta riƙa ɗaukewa. Wannan buroshi mai laushi da abin hura iska yake so, ba sabuwar waya ba.

A ido hasken lafiya lau, amma a bidiyon da muke watsawa ta Facebook yana yin layi-layi. Me ya sa?

Wannan ba daga waya ba ne. Fitilar LED na rage haske ta hanyar kunnuwa da mutuwa da saurin da ido ba ya kamawa, kyamara kuwa na kamawa. Ku ɗaga hasken fitilun da ke kan fuskar mai wa'azi ya kusa cika, ku rage saurin ɗaukar kyamarar, idan fitilar na da wurin ƙara saurin kunnuwa da mutuwarta a allonta ku ƙara. Fitilar walƙiya mai ƙyaftawa da sauri kuma ina roƙo a bar ta a lokacin sujada. Tana iya tayar wa mai farfaɗiya ciwonsa, kuma ba ku san wanda ke zaune a benci ba.

Ba gara mu sayi marar waya mu huta ba?

Tana da ranarta, musamman a fili ko inda ba a son fasa bango. Yawancinsu a zangon 2.4 GHz suke aiki, inda Wi-Fi da Bluetooth ke cunkushe. Ranar Asabar da majami'a ba kowa za ta yi kyau, ranar Lahadi da mutum ɗari biyar suka shigo da wayoyinsu labari na iya canzawa. Inda waya za ta iya zuwa, ku ja waya. Masu manyan kaya da tasha 512 ta yi musu kaɗan kan koma Art-Net ko sACN, waɗanda ke ɗaukar layuka da yawa ta hanyar sadarwar kwamfuta, a mai da su DMX kusa da fitilu. Daga wannan akwatin zuwa fitila, duk ƙa'idojin sama na nan yadda suke.

Ko da waya ko babu, DMX ba ta tantance ko saƙo ya isa daidai. Don haka ba a ɗora mata abin da kuskurensa zai raunata mutum, kamar tartsatsin wuta ko injin ɗaga kaya sama.

Ni fasto ne, ban san waɗannan abubuwa ba. Kuɗinmu kaɗan ne, me zan ce wa kwamiti?

Baba Fasto, ku ce musu a fara da abin da ba a gani. Idan kuɗin fitila takwas ne, a sayi shida, ragowar ya tafi waya mai kyau, bututu, kawuna masu ƙarfi, sarƙar tsaro da gyaran wayar ƙasa. Fitila ana ƙarawa baɗi, amma silin da aka rufe buɗe shi sabon kashe kuɗi ne. Idan ana kan gini ne ma, a sa bututu biyu daga inda tebur zai zauna zuwa dandamali tun kafin filasta, a bar igiyar ja a cikin na biyun. Wanda za a aika Sabon Gari a Kano ko Alaba a Legas, a rubuta masa a takarda: wayar DMX mai om 120, kuma ya karanta jikin wayar da idonsa kafin ya biya.

Roƙona na biyu, Baba, a kan matasan ne. Yaron da ya iya kayan nan bana, baɗi yana makaranta a Aliero ko ya tafi bautar ƙasa, ilimin ya bi shi. Ku sa shi ya zana taswirar layin a takarda: daga tebur zuwa wace fitila, adireshin kowace, tasha nawa take ci, ina taminato yake. A rubuta adireshin a farin salatif a manna a gindin kowace fitila, yadda za a karanta daga ƙasa. Kwafi ɗaya a manne cikin murfin akwatin kwantirola, ɗaya a hannun magatakardan ikilisiya. Kuma kowace Asabar da yamma, lokacin da 'yan kwaya ke gwaji, a samu ƙanana biyu, mace da namiji, su zauna kusa da shi a tebur, ya bar su su riƙa ɗaga maɓallan da hannunsu.